Injin LS 5.3 na tashi ya mutu bayan daƙiƙa biyu

Malam, ka ce ka ɗora injin LS 5.3 na Silverado 2002 da giyabos 4L60E a tsohuwar mota, yana tashi ya mutu nan take. Wannan aikin VATS ne, tsarin hana sata na kamfanin GM mai ƙera injin. Kwamfutar injin tana jiran izini daga kwamfutar jikin motar da aka ciro shi, ba ta samu ba, sai ta yanke mai.

Da HP Tuners, manhajar gyara saitin kwamfutar injin, ake kashe shi. Amma kafin ka taɓa komai, karanta fayil na asali da ke cikin kwamfutar injin ka adana, ka kuma jona caja a batir, domin idan wuta ta faɗi ana cikin rubutu kwamfutar na iya mutuwa.

Daga nan ka shigar da girman tayarka da lissafin giyar aksul na baya, in ba haka ba giya za ta riƙa canjawa ba kan lokaci ba. Wayar TCC, wato wayar da ke tasowa daga makunnin birki don sarrafa kulocin cikin giyabos, tana son wuta volt 12 idan ba a taka birki ba, da yawa suna jona ta a juye. Famfon mai kuma ya ba da matsin mai kusan psi 58.