Birkin baya yana riƙe taya, me zan saya tukuna?

Tambayoyin wannan karon duk sun taru a wuri ɗaya, birkin baya mai dram da hambirki a motocin ɗaukar kaya, shi ya sa na haɗa su.

Tambaya: Salam Malam. Ina da a-kori-kura, birkinta na baya mai dram ne. Kwanan nan in na ɗan yi tafiya sai in ji motar ta yi nauyi, tayar baya ta hagu tana zafi har ƙauri nake ji, mai ma ta ƙara sha. Wani ya ce in sayi sabon dram da shu, wani ya ce silinda ce, wani kuma ya ce masta. Don Allah wanne zan fara saya?

Amsa: Wa alaikassalam ɗan uwa. Kar ka sayi ko ɗaya tukuna, wallahi wannan shi ne abin da nake ta roƙon mutane a kai, saboda duk waɗanda suka ba ka shawara hasashe suke yi, kuma akwai gwajin da zai nuna maka inda matsalar take ba tare da ka kashe ko sisi ba. Abin da ke riƙe shu (ƙarfen nan mai fata da ke matse dram ta ciki ya tsayar da taya) a jikin dram bai wuce uku ba, ko dai kebul ɗin hambirki ne bai saki ba, ko man birki ne ya shiga silindar da ke tura shu ya kasa komawa, ko kuma ƙarafan da ke cikin dram ɗin ne da kansu suka cije.

Ka samu wuri shimfiɗaɗɗe, ka sa waigi a tayoyin gaba, ka ɗaga bayan da jak amma ka tokare ta da abin tsayawa mai ƙarfi, kar ka taɓa shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai ne ke riƙe da ita, a wannan ba na wasa. Ka saki hambirki, ka sa wani ya taka birki da ƙarfi sau uku ko huɗu ya saki, sai ka juya tayar da hannu. In ta ƙi juyawa ko tana juyawa da ƙyar, toh ka leƙa bayan farantin birkin ka ɗan kwance nipul ɗin da ake bilidin da shi, wato wanda ake fitar da iska daga man birki ta cikinsa. In mai ya yi tsartuwa da ƙarfi kuma nan take tayar ta saki, shikenan ka gano, matsin mai ne ya maƙale, kenan laifin ba na shu ba ne ba kuma na dram ba. A nan abin da aka saba fara zargi shi ne tiyon roba, don yana lalacewa ta ciki alhali ta waje lafiyarsa ƙalau, mai ya wuce in ka taka amma ya kasa dawowa in ka saki. Yawancin irin waɗannan motoci tiyo ɗaya ne ke sauka daga shasi zuwa aksil ɗin baya sannan bututun ƙarfe ya raba man hagu da dama, saboda haka in wannan tiyon ne ko masta ce (famfon da ke tura man birki in ka taka) za ka tarar tayoyin baya biyun duka suna riƙewa. Kai kuma ka ce ta hagu ce kawai, shi ya sa tun daga nan masta da wannan tiyon ba sa cikin lissafina sosai, sai dai ka bi bututun ƙarfen ɓangaren hagu da ido ko wani abu ya buge shi ya lotse.

In kuwa ka kwance nipul mai ya ɗiga a hankali kuma tayar tana nan a riƙe, sai ka koma kan kebul. Ka bi shi zuwa wurin da ya rabu biyu, ka taɓa na hagu ka taɓa na dama, wanda ya saki za ka ji shi sako-sako, wanda ya cije zai tsaya a miƙe. In kebul ma lafiya ne sai a buɗe dram. A ciki ka duba fistin ɗin silinda ko tsatsa ta kama shi, ka ɗaga robar bakinta in ka ga mai ya jiƙa to tana yoyo. Ka duba sifirin ɗin da ke jawo shu baya, zafi yana kashe musu ƙarfi, in sun canza launi ko sun miƙe sun gama aiki. Sannan ga wurin da kusan kowa ke mantawa da shi, 'yan tuddan nan da ke jikin faranti inda gefen shu ke gogawa, galibi uku ne ga kowane shu, da daɗewa shu yana cin rami a wurin sai ya faɗa ramin ya ƙi komawa. A goge su su yi sumul a ɗan shafa giris ɗin birki mai jure zafi, kaɗan fa, kar ya taɓa fuskar shu. In ramin ya yi zurfi sai dai a sauya faranti.

Tambaya: Oga barka da aiki. Na wanke mota na ja hambirki na ajiye ta wajen sati uku, da na zo tayarwa ta ƙi motsi sam, sai da na ba ta wuta na ji ƙas sannan ta tafi. Tun daga ranar hambirkin ba ya komawa daidai. In zuba wa kebul ɗin mai ko in sayi sabo?

Amsa: Abu biyu ne suka haɗu maka. Ƙarar da ka ji shu ne ya ɓalle daga jikin dram, don dram ƙarfen zubi ne, da ruwa ya kwana a ciki tsatsa take fitowa ta manne su tare, balle an ja hambirki an matse su an bari. Ba wa motar wuta da ƙarfi yana iya ɓamɓare fatar shu daga ƙarfenta, musamman wadda aka manna da gam, kuma in guntun ya karye yana yawo a ciki wata rana zai iya kulle taya kana kan gudu. Saboda haka ko da motar tana tafiya yanzu ina so a buɗe dram ɗin a gani. In ta sake faruwa, ka cire taya ka bubbuga fuskar dram da guduma tsakanin notuna, a hankali, kar ka daki bakinsa don yana tsagewa.

Batun kebul kuwa, ni dai sabo zan ce ka saya. Wayar tana tafiya ne a cikin riga, in rigar ta tsage ruwa da ƙasa suka shiga tsatsa ta ci ciki, man da za ka zuba ta baki ba zai kai tsakiya ba, zai ɗan saki na 'yan kwanaki ya koma, wani lokacin ma man yana ƙara jawo ƙura. Gwajinsa mai sauƙi ne, ka cire shi daga hannun da yake ja a cikin dram, ka tura wayar ka jawo da hannunka, in ba ta zamewa salin-alin to ya mutu. Wajen saya ka tafi da tsohon ko lambar shasi, saboda mota iri ɗaya tana zuwa da doguwar bodi da gajeriya kuma tsawon kebul ɗinsu ya bambanta, na hagu da na dama ma sau da yawa ba tsawonsu ɗaya ba. In shekarunsu ɗaya ka sauya biyun. Nan gaba in za ka ajiye ta da daɗewa a wuri shimfiɗaɗɗe, ka sa ta a giya ka sa waigi ka bar hambirki a sake, bayan wanki kuma ka ɗan zagaya kana taka birki ya bushe. Amma a amfanin yau da kullum ka riƙa jan hambirkin, kebul ɗin da ba a motsa shi shi ne ya fi saurin cijewa, kuma a wasu motocin jan hambirkin ne ma ke sa ajasta, wato abin da ke matso da shu kusa da dram yayin da yake cinyewa, ta yi aikinta.

Tambaya: Malam, an sa min sabbin shu sati biyu da suka wuce, tun daga nan baya ke zafi kuma da na ɗan taɓa birki sai taya ta kama ƙam. Shu ɗin ne jabu? Kuma an ce in kai dram a yi masa kwaskwarima a inji, ko gara in sayi sabo?

Amsa: Zai iya yiwuwa shu ɗin ba mai kyau ba ne, amma kafin ka ɗora masa laifi a sake duba yadda aka ɗaura shi. A irin birkin da shu biyun ba girmansu ɗaya ba, mai gajeriyar fata shi ke fuskantar gaban mota, mai doguwa yana baya, in aka juya su ko aka tara dogaye biyu a ɓangare ɗaya birki zai riƙa fizga. Ajasta ma tana da ta hagu da ta dama, zarensu ba hanya ɗaya yake juyawa ba. Sai kuma kuskuren da ya fi yawa, lokacin da tsohon shu ya cinye wani ya ɗaure kebul ɗin hambirki ya cike gibin, yanzu an sa sabo mai kauri ba a sassauta kebul ba, kaga shu ba zai taɓa komawa mazauninsa ba. Ƙa'ida ita ce a sassauta kebul, a saita shu da ajasta har ya ɗan fara shafar dram a mayar da shi baya kaɗan, sannan a ƙarshe a saita kebul. Ka kuma duba ko man giya yana yoyo daga sil ɗin aksil, warinsa ba ya ɓuya, shu ɗin da ya sha mai kamawa yake yi, wanke shi ba ya magani, sai an sauya sil an sauya shu.

Dram kuwa awo ne zai yanke hukunci. A jikinsa akwai lambar da masana'anta suka rubuta ta iyakar faɗin da cikinsa zai iya kaiwa, a auna, in bayan an kwaskware zai wuce wannan lambar ko yana da tsaga to a jefar da shi, dram ɗin da ya yi siriri yana saurin ɗaukar zafi yana buɗewa. In akwai sauran nama a jikinsa kwaskwarima ta wadatar. Shu da dram ana yin su ɓangare biyu tare, kuma don Allah duk sanda ka sayi shu ka haɗa da sabbin sifirin da 'yan ƙusoshin riƙe shi, su ne mafi araha a duk aikin kuma su ake yawan mayar da tsofaffi. Man birki ka bi abin da aka rubuta a murfin tankinsa, DOT 3 ko DOT 4, suna shan danshi daga iska shi ya sa ake son a sauya su kamar duk shekara 2, wannan danshin ne ke sa fistin tsatsa. DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da su. Ƙurar cikin dram kuma kar a hura ta da iska, wasu shu ɗin suna da asbestos kuma yana lalata huhu, a jiƙa ta a goge.

Tambaya: Ni tawa babba ce mai birkin iska, da safe hambirki ba ya saki a taya ɗaya. Duk wannan ya shafe ni?

Amsa: Tsatsar da ke manne shu da dram ta shafe ka, sauran kuwa naka daban ne. A motarka wani ƙaton sifirin ne a cikin tukunyar birki ke kama taya, iska ce ke danne shi ya saki, shi ya sa in iska ta faɗi zuwa tsakanin 20 da 45 psi (ma'aunin ƙarfin iska a geji) birkin ke kama kansa. Ka fara barin geji ya cika zuwa wajen 120, ka saurari yoyon iska a tiyon wannan tayar, ka tsiyaye ruwan da ke taruwa a tanki. In iska ta cika kuma sandar tukunyar ta koma amma taya ba ta saki ba, shu ne ya manne ko sifirin ɗinsa ya karye, in kuma sandar ta ƙi komawa sai a duba sandar kam, wato wadda ke buɗe shu, da bushin ɗinta da hannun ajasta, rashin giris yana sa su cije. Ɓangaren tukunyar da sifirin yake ciki kar ka bari kowa ya buɗe shi, ƙarfinsa yana kashe mutum, in ta lalace sai a ɗaure sifirin ɗin da notinsa na musamman a cire ta gaba ɗaya a sa sabuwa mai lamba iri ɗaya da ta ɗaya ɓangaren.