Ɗana Ya Shekara Biyu da Rabi Bai Fara Magana Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana na fari yana da shekara 2 da wata 6, yana tafiya har da gudu, amma har yau bai furta ko da "Mama" ba, kuma sau da yawa idan na kira sunansa ba ya waiwayowa. Ya yi ciwon shawara mai tsanani a makon da aka haife shi, har aka kwantar da shi ƙarƙashin fitila a asibiti. Surukata ta ce in kwantar da hankalina domin mahaifinsa ma ya yi nauyin baki, wasu kuma sun ce a dage da tofi. Shin in ƙara jira? Daga wata uwa a Funtuwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa, shawarata ita ce kada ki ƙara jira, ki kai shi a duba shi cikin wannan watan. Maganar surukarki ba banza ba ce, domin akwai yaran da ke yin nauyin baki sannan daga baya harshensu ya buɗe, amma irin waɗannan yara suna fahimtar abin da aka faɗa musu, suna waiwayowa idan an kira su, suna kuma nuna abin da suke so da yatsa. A bisa al'ada yaro yakan fara gwalantu kafin ya cika shekara 1, ya furta kalmomi ɗaiɗai wajen wata 16, sannan ya haɗa kalma biyu kamar "ba ni" idan ya kai shekara 2.

Abubuwa biyu a wasiƙarki ne suka tsaya mini a rai, wato rashin waiwayen da kuma shawarar da ya yi yana jinjiri. Shawara idan ta yi tsanani tana iya taɓa jijiyar da ke kai sauti daga kunne zuwa ƙwaƙwalwa, kamar yadda sanƙarau da ƙyanda su ma kan kurmantar da yara, kuma yaron da ba ya jin magana sosai ba shi da inda zai kwaikwayo ta. Saboda haka gwajin ji ne farkon abin yi. Tafa hannu a bayansa bai isa hujja ba, domin yana iya ganin inuwarki ko ya ji motsin iska ya juyo. Gwajin iri biyu ne: akwai wanda ake sa ƙaramar na'ura a bakin kunne, akwai kuma wanda ake manna wayoyi a kan yaro yana barci don a ga ko sautin yana isa ƙwaƙwalwa. Ki gaya wa likita tarihin shawarar, domin lahanin da take yi yakan kuɓuce wa gwajin farko, sai na biyun ke gano shi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana kusa da ku, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna da Asibitin Malam Aminu Kano.

Idan aka tarar kunnensa lafiya ƙalau, likitan yara zai duba wasu dalilan, ciki har da lalurar otizim, wadda ke shafar yadda yaro ke magana da cuɗanya da mutane, ya kuma tura ku wurin mai koya wa yara magana.

Dalilin gaggawar shi ne ƙwaƙwalwar yaro ta fi saurin girma da karɓar koyo a shekaru ukun farko, abin da Hausawa suka daɗe da sani da suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A Amurka tun 1986 doka ta yi tanadin tallafi ga yara 'yan ƙasa da shekara 3 masu jinkirin girma, kuma ƙa'idarsu ita ce a gwada jin jariri cikin wata 1, a tabbatar da matsala kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Mu a nan ƙwararrun ba su da yawa, kuma sun taru a manyan asibitoci, abin da ke damuna ƙwarai, domin nauyin ganowa ya koma kan uwa.

Tun daga yau ki riƙa durƙusawa daidai tsawonsa yana kallon bakinki, kina ambaton sunan abin da ke hannunki lokacin wanka da cin abinci. Ki ɗaga masa kofi da cokali, ki dakata har ya zaɓa, kada ki riga shi biyan buƙatarsa kafin ya yi yunƙurin nema. Ki rage ba shi waya, kuma idan ya yi ishara da hannu ki amsa masa, domin ishara ba ta hana magana fitowa. Addu'a kuwa ku ci gaba da ita, ba ta cin karo da neman magani.

Ranar zuwa asibiti ki roƙi maigidanki ya raka ki, in da hali har da surukarki, don su ji bayanin daga bakin likita. Ki tafi da katin rigakafinsa, da takardar sallamar da aka ba ku lokacin shawarar, da ɗan bidiyonsa yana wasa kina kiran sunansa. Allah Ya buɗe bakinsa, Ya raya miki shi.