Wai da gaske jiƙon saiwa yana sauke sukari?

Hajiya, kin tambaya ko jiƙon saiwar da aka sayo wa Baba a kasuwar Muda Lawal zai iya maye gurbin maganin sukarinsa. Don Allah kada ya ajiye ƙwayoyinsa.

Akwai gaskiya a maganar saiwar. Idan mutum ya ci tuwo, sinadarin amilas da ke cikin yawu da hanji ne ke farfasa sitaci, sannan gulukosidas ya ƙarasa shi ya zama sukarin da ke shiga jini. Saiwoyi da yawa na ɗauke da tanin, wato abin nan mai bauri da ke ɗaure harshe, da kuma falabonoyid, wani rukunin sinadaran tsirrai. A ɗakin gwaji an ga suna rage wa amilas da gulukosidas sauri. Haka ma Acarbose, wani maganin ciwon sukari na asibiti, yake aiki.

Amma kwalbar gwaji daban, cikin dattijo daban. Jiƙo ba shi da ma'auni, na yau ya yi kauri, na gobe ya yi tsululu. Kuma wata saiwar na iya cutarwa. Misali, ki shinshina saiwar sanya, za ki ji ƙamshin man zafi. Ƙamshin sinadarin metil salisilet ke nan, kuma yawansa guba ne.

Ki kai wa likitansa saiwar ya gani, a ci gaba da auna sukarin Baba da safe.