Ga mai son zuwa Ingila karatun kiristal na furotin

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digiri na biyu, kana son zuwa Ingila digirin digirgir a kan fitar da kiristal na furotin, wato a sa shi ya daskare kamar ƙwayar gishiri don a haska shi a gano tsarinsa, kamar yadda na yi, in nema maka malami. To, gyara zama.

Kada furotin lizozim na farin ƙwai da ake nuna wa ɗalibai ya ruɗe ka, shi kwana ɗaya ya fito. Nawa furotin na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ne. Wata 14 ina ɗiga shi a faranti mai gurbi 96, ba abin da nake gani sai gurɓataccen ruwa. Ranar da na hango abu mai ƙyalli a maikuroskof har Inna na kira. Muka kai shi Diamond, babbar na'urar hasken X da ke Oxfordshire, ashe gishiri ne. A hanyar dawowa wani abokin aiki ya tambaye ni ko a ƙasarmu ba a koyar da bambancin gishiri da furotin. Har yau maganar tana ci mini rai.

Abin da ya fisshe ni tsabtar furotin ne. Na yanke jelarsa mai lilo da ke hana ƙwayoyin furotin ɗin jeruwa, na riƙa tace shi ranar da zan ɗiga, ba kwantai. Da ƙananan kiristal masu kama da allurai suka fito sai na murƙushe su, na shafo su da gashin bakin kyanwa, na ja layi a sabon ɗigo mai ƙarancin PEG, sinadarin da ke sa furotin ya haɗu ya zama kiristal. Na bar ɗaki mai zafin digiri 20 na koma ɗakin sanyi mai digiri 4, yatsu na ƙagewa. Kafin in tsoma kiristal a ruwan naitirojin sai na jiƙa shi da gilisarin don kada ƙanƙara ta ɓata shi. Daga angistirom 7 na kai 1.9, da hannuna; shi ne ma'aunin kaifin hoton tsarin furotin, ƙaramar lamba ta fi kyau.

Dorothy Hodgkin, masaniyar kimiyya ta Ingila, ta shafe shekara 35 kafin ta warware tsarin insulin a 1969, kai kuwa tallafinka ba zai wuce shekara huɗu ba. Tun da AlphaFold, manhajar da ke hasashen tsarin furotin, ta nuna bajintarta a 2020, malamai sun fi son ɗalibin da ya iya kwamfuta ma. Kuma duk Afirka babu na'ura irin Diamond, ka san da wannan in kana da niyyar komawa gida.

Ban tura takardunka wa kowa ba tukuna. Fara gaya mini, ka taɓa tace furotin da hannunka?