Shin Damuwa Tana Tsufar da Mutum da Wuri?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Shekaruna 38, kuma tun da na fara jinyar mahaifiyata da ta samu shanyewar ɓarin jiki, gabana yake yawan faɗuwa, barci ya ƙaurace mini, ga furfura ta fara fitowa. Da gaske ne damuwa tana tsufar da mutum? Daga wata mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka miki da alheri.

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar ƙaramar gaɓa da ake kira adirenal, wadda nauyinta bai wuce giram 5 ba. Idan mutum ya firgita, tana sakin sinadarin adirenalin, shi ne ke sa zuciya dukan uku-uku da tafin hannu yin gumi. Tana kuma fitar da wani sinadarin mai suna kotizol, wanda bisa al'ada yake yawaita da safe, ya ragu tsakar dare. Idan fargaba ta ɗauki watanni, wannan tsari yakan rikice, sai barci ya lalace, sukari da hawan jini su samu ƙofa.

Game da tsufa, a ƙarshen kowane zaren gado da ke cikin ƙwayoyin halittarmu akwai wani kariya mai suna telomiya, kamar kalmasar bakin zane da ke hana shi warwarewa, kuma yana gajarcewa da shekaru. A 2004, Elissa Epel da Elizabeth Blackburn na Jami'ar Kalifoniya a Amurka sun binciki iyaye mata 58, akasarinsu masu jinyar 'ya'yansu, suka gano cewa telomiyar waɗanda damuwa ta fi yi wa yawa ta gajarce kamar sun ƙara shekara 10. Wannan alaƙa ce aka gani, ba hukunci ba ne a kan kowane mai jinya. Ita kuwa furfura, wani bincike na Jami'ar Harvard a 2020 kan ɓeraye ya nuna damuwa na iya jawo ta, amma ya ɗora laifin a kan jijiyoyin da ke kai saƙon fargaba ne, ba kotizol ba, sannan gado ma yana da hannu.

Shawarata ita ce ki nemi 'yan'uwa ku riƙa karɓa-karɓa wajen kwana da Hajiya, ki je asibiti a auna miki jini da sukari. Idan kina shan maganin dekzametason, wanda wasu mata ke sha don ƙiba, kada ki daina shi lokaci guda, domin yana danne aikin adirenal. Likita ne zai rage miki shi sannu a hankali.