Daga Zangon Sekondi zuwa Jega: amsar tambayarka kan Takoradi

Assalamu alaikum ƙanena Alhaji. Ina fatan kana lafiya, da iyali da kasuwa.

Saƙonka ya iso. Ka ce kai da abokan cinikinka na Jega da Aliero, har da wasu daga Anka da Gusau, kuna son a faɗa muku gaskiyar Takoradi, maƙwabciyar garinmu Sekondi a bakin tekun Gana: tashar jiragen ruwanta, layin dogon da ya shiga ƙasar Tonawa, wato Asante, da garuruwan zinariya da ke kan hanyar. Ka kuma yi tambayar da na san ita ce ta fi damunka, wato me ya sa mu da aka haifa a bakin wannan arziki ba a jin sunanmu cikin masu ramin zinariya, sai dai a ji mu a goro da shanu da albasa da tsire. Tambayar ta dace, kuma ba ragwanci ne ya jawo haka ba. Akwai yadda mutanen Zango ke auna gari kafin su zuba kuɗinsu, kuma gadonsa muka yi.

Ka san kakanninmu fataken Gwanja ne. Daga Jega ayari yake tashi da jakuna, a bi ta Yawuri a haye Kwara, a ratsa Bargu har Salaga, a kai kanwa da tufafi da fata, a dawo da goro. Yaƙin Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, mutane suka bazu Kete Krachi da Kumasi da sauran wurare. Ana cikin haka Turawa suka fara shimfiɗa layin dogo daga Sekondi a 1898, ya kai Tarkwa a 1901, ya wuce Obuasi, ya shiga Kumasi a 1903. Don zinariya aka yi layin, ba don goro ba. Amma dattawanmu suka ga huhun goro zai iya hawa tarago a Kumasi, ya sauka a bakin teku, jirgin ruwa ya kai shi Ikko, daga can jirgin ƙasa ya wuce da shi Kano, cikin 'yan makonni maimakon watannin da jaki ke yi. Shi ya sa suka sauko gaɓa suka kafa zango. Abin da suka duba shi ne ko hanyar za ta ɗauki kayansu. Har yau wannan ce tambayar farko da ake yi a nan.

To bari mu yi wa tashar wannan tambaya. A da Sekondi ba ta da madatsa, jirgi can nesa yake tsayawa, Fantawa, mutanen wannan gaɓa, su yi ta jigila da kwale-kwale cikin igiyar ruwa, kaya na jiƙewa, wani na nutsewa. Gwamna Guggisberg ne ya sa aka gina tashar Takoradi, aka buɗe ta a 1928, ita ce tasha mai zurfi ta farko a ƙasar. A Yaƙin Duniya na Biyu nan ake sauke jiragen sama a akwatuna, a harhaɗa su, su tashi ta Ikko da Kano da Maiduguri har Masar. Yanzu kuwa manyan kayan da ke fita ta nan su ne manganis, da ƙasar boksit da ake yin sanholo da ita, da kokon cakuleti, da katako. Masu shigowa su ne alkama, da dutsen da ake niƙawa a yi siminti, da kayan aikin mai. Duka kayan manyan kamfanoni ne da gwamnati, a jirgi guda ake loda su. Idan kwantenar atamfa ko babura kake tunani, yawancin wannan harka tana Tema, wadda aka buɗe a 1962 kusa da Akra, kuma ga ku mutanen Kebbi, Kwatano da Lome sun fi kusa nesa ba kusa ba. Babu dalilin da zai sa kayanka su wuce tashoshi uku su zo nan, sa'an nan ka sake biyan mota su koma gabas.

Layin dogon ma kada sunansa ya ruɗe ka. Abokanka na Zamfara sun fi kowa sanin wannan labari, don layin da ya kai Ƙaura Namoda a 1929 shi ya raya Gusau da gyaɗa da auduga, ga shi yanzu ciyawa ta rufe wurare da dama. Namu ma kusan haka ne. An daɗe da daina ɗaukar fasinja zuwa Kumasi. Reshen Awaso da aka yi a 1944 domin boksit ya mutu, tireloli ke kwaso ƙasar suna farfasa titi. Ɗan abin da ya rage yana motsi shi ne tsakanin Nsuta da tasha, inda ake jawo manganis, shi ma yau ya yi gobe ya tsaya. An fara aikin sabon layi mai faɗi daga Kojokrom, muna addu'ar Allah ya sa a gama, amma kada ka sa shi cikin lissafinka tukuna. Duk abin da za ka aiko, a mota zai zo.

Sai zinariya, wadda na ga ita ce ta fi jan hankalin mutanen Anka. Akwai ta kam. Tarkwa da Prestea da Obuasi sun fi shekara ɗari ana haƙa, kuma Gana na cikin waɗanda suka fi fitar da ita a Afirka. Sai dai tsarin mulkin ƙasar na 1992 ya ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na al'umma ne, a hannun shugaban ƙasa yake. Filin da ke samansa kuwa galibi na sarakunan gargajiya ne da dangogi, baƙo ba ya mallaka, haya kawai ake ba shi, ita ma ba ta wuce shekara 50. Lasin ƙaramar haƙa ɗan ƙasa kaɗai ake ba. A 2025 aka kafa hukumar zinariya da ake kira GoldBod, aka hana baƙi sayen zinariya a hannun ƙananan masu haƙa. Duk wanda ya ce maka kawo kuɗi a sa sunansa a takarda ku raba riba, ka sani ranar da rigima ta tashi ba ka da bakin magana a kotu, kuma Sarkin Zango ba zai tsaya maka ba, don ba ta ƙofarsa ka shiga ba.

Haƙar bayan fage, wadda ake kira galamse, na gan ta da idona a hanyar Prestea. Yaro yana tsaye cikin rami ruwa har ƙugu, wani yana murza zaiba da yatsa a cikin kwano har ta kama ƙurar zinariya, sa'an nan ya ɗora a garwashi yana hurawa, hayaƙin yana shiga hancinsa. Mai saye yana gefe da ɗan sikeli, reza da tsinken ashana ne ma'auninsa. Kogin Pra da Ankobra da muka sani garau sun koma kamar kunun kanwa, har ruwan famfonmu na Sekondi yana wahala saboda daga Pra ake jawo shi. Ba sai na yi wa mutumin Zamfara wa'azi a kan wannan ba. Abin da gubar dalma ta yi a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara sama da 400 suka rasu, yana nan a zukatanmu har a nan, mun yi musu addu'a a masallatanmu. Ba zan ce babu ɗan Zango a ramukan ba, akwai, talauci yana kai yara. Amma dattawa ba sa sa albarka, kuma kuɗin ba ya zama.

To ina abincinmu yake? Yana wurin mutanen da tasha da rami suka tara. Leburan tasha, direban tirela, ma'aikacin kamfani, sojan ruwa na Sekondi, masunci, kowa sai ya ci. Da asuba matan Zango ke fitowa da koko da ƙosai da wake da shinkafa, da yamma masu tsire su hura wuta. Mahauta namu ne, dillalan shanun da ake saukowa da su daga Burkina ta Paga namu ne, haka masu goro, masu canji, masu hatsi, masu ɗinkin babbar riga, malaman allo. Idan dattijo zai auna sabon gari, sai ya tambayi ranar da ake biyan albashi, da mutum nawa ke kwana a garin da iyalinsu, da ko akwai masallacin Juma'a da maƙabarta. Garin da ma'aikata ke kwana a sansanin kamfani, a ciyar da su a can, ranar hutu mota ta kwashe su, ko zinariyarsa ta kai ina ba garin ciniki ba ne.

Mun ga misalin wannan da man fetur. Da aka gano rijiyar Jubilee a 2007, aka fara haƙowa a ƙarshen 2010, sai Takoradi ta cika da baƙi, kuɗin haya ya tashi, mutane suka ci bashi suka gina masaukai. Alhali man yana can tsakiyar teku, ma'aikatan kaɗan ne, jirgi mai saukar ungulu ke kai su ya dawo da su. Da yawa cikin masu ginin sun yi kuka. Mai sayar da albasa kuwa bai rasa komai ba.

Yanzu ga yadda ake shigowa, tunda albasar Aliero ce a hannunka. A nan baƙo ba ya sauka a kasuwa, wurin maigida yake sauka. Maigida shi ne mai masaukinka, shi ne dillalinka, shi ne kuma mai tsaya maka. Zai ba ka ɗaki da abinci, ya ajiye kuɗinka, ya kai ka gaida Sarkin Zango da liman don a san fuskarka. Idan mota ta iso, yaransa ke saukewa, shi kuma ya sa a jawo buhu daga tsakiyar lodi, a farke shi a zazzage a ƙasa a gaban kowa. Yana ɗaukar albasa ya danna wuyanta da babban yatsa, ya sansana. Idan wuyan ya yi laushi, ya san zafin hanya ya shige ta, ranar za a sayar ko da an rage kuɗi. Masu saye mata ne, Fantawa da Ahanta, kuma kowane kaya yana da sarauniyarsa a kasuwa, ba a tsallake ta. Yawanci bashi suke ɗauka su biya bayan sun sayar, kuma kai ba ka san gidan kowa ba, maigida ne ya sani. Idan wata ta ƙi biya, a wuyansa yake. La'adarsa ke nan, kada ka ga kamar ta yi yawa. Na sha ganin baƙon da ya ce zai sayar da kansa don ya tsira da la'ada, ya kwana uku a kan kayansa suna tsiro.

Idan saɓani ya shiga, ba a fara zuwa wurin 'yan sanda. A zauren Sarkin Zango ake zama, da liman da dattawan sana'ar. Kuma ka sani Zango ba na Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Zabarmawa, Mosawa, Wangarawa, Kotokoli, Dagwambawa, Fulani, Yarbawa, kowa da sarkinsa, Hausa ce dai ke haɗa mu, da salla. Za ka ji Hausarmu ta sha bamban da taku, yaranmu suna cakuɗa ta da Fantanci, kada ka yi musu dariya, suna jin zafin haka. Wanda ba ya zuwa jana'iza da suna, ba ya sa hannu a gudummawa, ba a ba shi bashi, komai kuɗinsa. Haka nan muna girmama masu ƙasa. Ranar Talata masunta ba sa shiga teku, ba ka nemi ɗanyen kifi ka yi ƙorafi ba. Idan sarkinsu ya yi rashi ko biki, Sarkin Zango yana zuwa da tawaga da goro.

Batun takarda kuwa ba ma wasa da shi, don mun ɗanɗana. A Nuwamban 1969 gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako biyu ya bar ƙasar. Mahaifinmu ya sha ba mu labarin maƙwabtan da suka sayar da gida a kuɗin akuya, suka hau mota zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. A 1983 Najeriya ta yi wa 'yan Gana irin haka. Mu da aka haifa a nan 'yan ƙasa ne, muna zaɓe, Babban Limamin ƙasa Shehu Usman Nuhu Sharubutu ɗan Zango ne kuma kowa na ganin girmansa. Kai kuwa baƙo ne a idon doka. Yarjejeniyar ECOWAS ta ba ka kwana 90 ba biza, amma dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe cinikin ɗai-ɗai a kasuwa ga 'yan ƙasa, kuma a kanta aka rufe wa 'yan Najeriya shaguna a Kumasi da Akra a 2019 da 2020. Saboda haka kai ka kawo sari, maigida ya sayar.

Shawarata, ku haɗa mota ɗaya ku gwada kafin kowa ya sayar da gona. Babbar kasuwar albasa tana Adjen Kotoku a bayan Akra, inda aka mayar da ita daga Agbogbloshie a 2021, sai kuma Kumasi. A can za ka tarar da ta Galmi ta Nijar, ita ce kishiyar taku, matan nan sun saba da ita. Daga Akra zuwa nan tafiyar awa huɗu ce zuwa biyar, kuma idan kasuwa ta yi sanyi ana iya wucewa da kaya Elubo, iyakar Gana da Kwaddibuwa. Ku guji Mayu da Yuni, lokacin ruwa ya fi ƙarfi, kuma yankinmu ya fi ko'ina damshi a Gana, albasar da za ta yi watanni a rumbun Aliero a nan ba ta jimrewa. A busar da ita sosai, a zuba a buhun raga. Ka tambayi direbobin Kamba da Tsamiya halin da iyaka ke ciki kafin a yi lodi, tunda tun 2023 hanyar Gaya ta Nijar ba ta da tabbas. Lissafin kuɗi ma a yi shi tun a gida, don naira za ta koma sefa, sefa ta koma sidi, kowane canji yana cin nasa.

Ka taho da fasfo da katin rigakafin shawara, ana tambayarsa a Aflao, iyakar Togo da Gana. Ka sanar da ni mako guda kafin ku tashi, in yi magana da maigidan da zai karɓe ku a Akra, ni kuma in tare ku a can mu taho Sekondi tare. Ka gaida Hajiya da yara, da dattawan gida baki ɗaya.