Ƙoƙon tsafi mai fitar da jini: a ba ɗan wasa ko a hana shi?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce a wasanku na Dungeons & Dragons, wasan labari da ake yi a zaune a tebur wanda kai ke jagoranta, akwai mai wasa da dhampir, rabi mutum rabi mashayin jini, kuma kana son ba shi ƙoƙon tsafi da ke cika da jini don ya daina cizon mutanen gari, amma kana tsoron abin ya lalata wasa. Ba shi. Sai dai kafin nan ka yanke shawara kan abu guda: jinin nan na waye?

Maganar yawa mai sauƙi ce. A bugu na biyar na dokokin wasan, na 2014, akwai Alchemy Jug, tulun da ke ba da ruwa ko zuma ko mai ko guba, iri ɗaya a rana, sai gari ya waye ya sake. Bi wannan tsarin. Kada ka kwaikwayi Decanter of Endless Water, butar tsafi mai feso ruwa galan 30 cikin daƙiƙa 6. Jinin jikin babban mutum kusan lita 5 ne kacal, kuma 'yan wasa na san halinsu, suna samun galan 30 rijiyar fada za su fara cikawa.

Inda gizo ke saƙar shi ne masu sihirin ƙungiyar. A teburinmu, ƙoƙon bai kwana a hannun mai shi ba matsafinmu ya fara lissafi. Sihirin Scrying, na leƙen mutum daga nesa, yana rage 10 daga kariyar wanda ake leƙa in kana riƙe da wani ɓangare na jikinsa. To in ƙoƙo zai ba da jinin duk wanda aka ambaci sunansa, babban mugun labarinka ba shi da sauran maɓoya. Haka Summon Greater Demon, sihirin kiran babban shaiɗan, yana buƙatar jinin mutumin da aka kashe cikin awa 24. Ka rubuta ƙarara cewa jinin ƙoƙo ba ya shiga wannan aikin, tun kafin gardama ta tashi.

Ni abin da na fi so shi ne jinin ya zama yana da mai shi. Ƙoƙon ba ya ƙirƙirar komai, janyowa yake yi daga wanda aka fara ɗiga jininsa a ciki, ko yana wace duniya. Duk cikawa ɗaya, wancan ya rasa 1d6, wato adadin da ƙwayar ludo mai fuska shida ta nuna a jifa ɗaya, daga iyakar ƙarfin ransa har sai ya yi dogon hutu. Kada ka faɗa wa ɗan wasan. Bar shi ya sha abinsa hankali kwance, har ranar da za su isa wani ƙauye su tarar da yarinya tana ta rama, masu magani sun rasa gane kanta. Jinin da ake samu a kyauta yana kashe yunwar da ta sa dhampir ya zama abin wasa da shi tun farko, wannan kuwa ƙara mata nauyi yake.

Sannan ka sa ƙoƙon cikin kayan da sai an ɗaura su da rai kafin su yi aiki. Uku kawai doka ta yarda mutum ya riƙe, don haka ko dai ya ajiye takobinsa na tsafi ko ya koma cizo.